Franciscus Donders: Likitan da Ya Auna Gani

Hausawa kan ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Da ido mai saye yake kimanta tsabar dawa, da shi kuma magini yake duba ko bango ya miƙe. To, shi kansa idon da me ake auna shi? Idan wani ya ce yana gani garau, wani kuma ya ce yana gani dishi-dishi, yaya likita zai san iyakar bambancin da ke tsakaninsu?

Ya ku ɗalibai, a wannan darasi za ku karanta tarihin mutumin da ya yi rayuwarsa yana neman amsar wannan tambaya. Sunansa Franciscus Cornelis Donders, mutumin ƙasar Holan. Duk wanda ya taɓa shiga sashen ido na asibiti a cikinku, a Keffi ko a wani gari, ya ga allon nan mai ƙaton harafi a sama da ƙananan haruffa a ƙasa. A asibitin Donders aka fara tsara wannan allo.

Haihuwarsa da Neman Iliminsa

An haifi Donders ran 27 ga Mayu, 1818, a garin Tilburg da ke kudancin Holan. Domin ku gane zamanin, shekara ɗaya ke nan bayan rasuwar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Garin Keffi ma, wanda Abdu Zanga ya kafa, bai daɗe da kafuwa ba a lokacin. Donders shi ne auta cikin 'ya'ya tara, kuma shi kaɗai ne namiji. Mahaifinsa ya rasu tun yana goye, saboda haka a hannun mahaifiyarsa da yayyensa mata ya tashi.

Yana da shekara bakwai aka kai shi makarantar kwana a wani ƙauye mai suna Duizel. A can ya nuna hazaƙa, musamman a lissafi, har ya riƙa taya malaminsa koyar da ƙananan yara tun shi ma yana yaro. Daga nan ya yi karatun harshen Latin a garin Boxmeer. A shekarar 1835 ya shiga makarantar koyon likitancin soja a birnin Utrecht, kuma a 1840 ya sami digirin likita daga Jami'ar Leiden. Ya yi aikin likitan soja na ɗan lokaci, sannan a 1842 aka mayar da shi Utrecht yana koyar da ilimin sassan jiki da yadda suke aiki. A 1847, yana da shekara 29, ya zama farfesa a Jami'ar Utrecht.

A waɗannan shekaru ya riƙa fassara littattafan kimiyya daga Jamusanci zuwa harshen ƙasarsa. Ɗaya daga cikinsu littafi ne kan cututtukan ido, na wani likita Bajamushe mai suna Ruete. Yana fassara yana gwada abin da littafin ya faɗa, har sha'awar ilimin ido ta kama shi. Ku da kuke koyon harshe na biyu, ku lura da wannan: harshen da ya koya ne ya kai shi ga aikin da aka san shi da shi.

Abin da Ya Tarar

Kafin ku fahimci aikinsa, sai kun san yadda ido yake gani. Tun wajen shekara 800 kafin haihuwar Donders, Ibnul Haisam, masanin nan haifaffen Basra da ya zauna a Alƙahira, ya bayyana cewa haske ne yake tasowa daga abubuwa ya shiga ido. A 1604 kuma Johannes Kepler na Jamus ya nuna cewa hoton abin da muke kallo yana sauka ne a kan wani siririn labule da ke can bayan ido. Kafin haske ya isa labulen, sai ya ratsa abubuwa biyu masu tanƙwara shi. Na farko shi ne tagar ido, wato fatar nan mai haske kamar gilashi da ta rufe baƙin ido. Na biyu shi ne gilashin cikin ido, wanda yake da taushi, yana ƙara kauri idan za mu kalli abu na kusa. Idan haske ya taru daidai a kan labulen, sai a gani garau. Idan ya taru a gabansa ko ya nufi bayansa, sai a gani dishi-dishi.

Shi tabarau tun wajen ƙarshen ƙarni na 13 aka ƙirƙiro shi a Italiya. Amma har zuwa zamanin Donders, yawancin likitoci ba su ɗauke shi aikinsu ba. 'Yan talla ne suke yawo da shi. Mai saye ya yi ta sawa yana cirewa har ya dace da wanda ya fi masa dama. Akwai kuma matasa da yawa da idanunsu kan gaji da zarar sun fara karatu ko ɗinki: haruffa su gauraye, kai ya yi ciwo, hawaye ya zubo. Likitoci sun ɗauka rauni ne a jijiyar ido wanda ba ya jin magani, har ana tsoron mafarin makanta ne. Wasu kan shawarci irin waɗannan matasa su bar karatu su koma noma ko kiwo.

A 1851 Donders ya tafi Landan. A can ya sadu da likitocin ido biyu, William Bowman na Ingila da Albrecht von Graefe na Jamus, suka ƙulla abota ta har mutuwa. A wannan shekara ce Hermann von Helmholtz ya wallafa bayanin wani madubi da ya ƙirƙiro, wanda likita zai leƙa da shi ya ga cikin idon mutum mai rai. Donders ya koma gida da niyyar mayar da hankalinsa ga ido. A 1858, da gudummawar jama'a, ya buɗe asibitin ido a Utrecht domin talakawa da masu ƙaramin ƙarfi. Masu ciwon ido suka yi ta zuwa, shi kuma yana auna kowane ido yana rubuta abin da ya samu.

Aibi Huɗu da Ya Rarrabe

Daga wannan awo ne ya gane cewa yawancin masu gani dishi-dishi idonsu lafiya lau yake. Siffar idon ce ta ɗan kauce daga daidai. Tsawon idon babban mutum daga gaba zuwa baya kimanin milimita 24 ne, kuma ƙarin milimita ɗaya tak ya isa ya hana mutum karanta rubutun allo daga bayan aji. Donders ya rarrabe aibobin nan, ya bayyana dalilin kowanne.

Na farko shi ne gani-kusa. Idon ya cika tsawo, sai haske ya taru kafin ya kai labule. Mai wannan ido yana karanta littafi ba wahala, amma abin da ke nesa ba ya fita sosai, shi ya sa yake yawan ƙanƙance ido. Gilashi mai sirin tsakiya da kaurin gefe shi yake gyara shi.

Na biyu shi ne gani-nesa. A nan idon gajere ne, haske yana isa labule tun bai gama taruwa ba. Yaro mai irin wannan ido yana iya ɓoye aibin ba da saninsa ba, domin gilashin cikin idonsa mai taushi ne, yana matsa shi kullum don ya gani. Idan ya zo karatu sai matsin ya ninka, ido ya gaji. Donders ya nuna cewa wannan shi ne babban dalilin gajiyar idon matasan nan da ake korewa daga karatu, kuma gilashi mai kaurin tsakiya ya ishe su. Ya kuma nuna cewa wannan matsi yana cikin manyan dalilan da ke sa idon yaro ya karkace ya nufi hanci, abin da Hausawa ke kira harara-garke.

Na uku shi ne raunin gani na shekaru. A da ana haɗa shi da gani-nesa, saboda gilashi iri ɗaya ne yake taimakon su biyun. Donders ya raba su. Ya auna mutane masu shekaru dabam-dabam, yana neman wuri mafi kusa da kowanne zai iya ganin rubutu garau. Ga abin da awonsa ya nuna a ido madaidaici: ɗan shekara 10, kimanin santimita 7, ɗan shekara 20, santimita 10, ɗan shekara 40, santimita 22, ɗan shekara 50, santimita 40, ɗan shekara 60, mita guda. Gilashin cikin ido yana taurara ne a hankali tun daga ƙuruciya. Shi ya sa za ku ga kakanninku suna miƙe hannu da takarda kafin su karanta, ko kuma su kira jika ya zura musu zare a allura. Wannan yana jiran kowa, har da wanda idonsa ba shi da wani aibi.

Na huɗu shi ne astigmatizim. Tagar ido madaidaiciya tana da doro daidai ta kowane ɓangare, kamar ƙwallo. A wasu mutane kuwa kamar bayan cokali take, ta fi lanƙwasa ta ɓangare ɗaya. Mai wannan ido zai iya ganin layin tsaye garau, na kwance kuma dishi-dishi. Ba Donders ne ya gano shi ba. Thomas Young na Ingila ya bayyana shi a nasa idon a 1801, George Airy kuma ya sa aka yi masa gilashin gyara shi a shekarun 1820. Amma ana ganin abu ne da ba a cika samu ba. A 1862 Donders ya wallafa nazarin da ya nuna cewa ya yawaita a cikin jama'a, ya kuma koyar da yadda za a auna shi a gyara da gilashin da ya lanƙwasa ta ɓangare ɗaya kawai, kamar yanki daga jikin kwalba.

Allon Haruffa da Lambobinsa

Sanin aibi bai wadatar ba, sai da ma'auni. Kafin wannan lokaci likitoci kan ba mutum rubutu mai girma dabam-dabam ya karanta, amma kowane gari da irin nasa haruffa, ba yadda za a kwatanta sakamako. A 1861 Donders ya kawo shawarar a riƙa kwatanta idon da ake aunawa da wani ido na misali, a rubuta sakamakon da lamba. Ya ɗora wa mataimakinsa, Herman Snellen, aikin tsara haruffan, kuma a 1862 Snellen ya wallafa allonsa.

Kowane harafi an zana shi cikin murabba'i mai gida biyar a tsaye, biyar a kwance, kaurin kowane layi kuma gida ɗaya. A yau ana tsayar da mutum a nisan mita 6, ya rufe ido ɗaya, ya karanta daga sama zuwa ƙasa. Lambar farko a sakamakon ita ce nisan da ya tsaya. Ta biyu ita ce nisan da ido na misali zai karanta wannan layi. Wanda ya sami 6/6, ganinsa ya kai misali. Wanda ya sami 6/12, sai ya matso mita 6 kafin ya karanta abin da wani zai karanta daga mita 12. Tsayin harafin layin 6/6 bai kai santimita ɗaya ba, kimanin milimita 8.7 ne. Ƙaton harafin sama, na 6/60, ya ninka shi sau goma. A Amurka, inda ake awo da ƙafa, 20/20 suke cewa maimakon 6/6. Domin yara ƙanana da waɗanda ba su yi boko ba, akwai allon da harafin E kaɗai ke jikinsa, yana fuskantar sama ko ƙasa, dama ko hagu, mutum ya nuna da yatsu.

Shi ma ƙarfin gilashi an sama masa ma'auni, wato diyofta. Likitan Faransa Ferdinand Monoyer ne ya kawo shawararsa a 1872, Donders kuma yana cikin waɗanda suka tsaya har aka karɓe shi. Gilashin da ke tara haske a nisan mita ɗaya diyofta 1 ne, mai tarawa a rabin mita kuma diyofta 2. Idan kuka ga alamar ɗebewa a takardar tabarau, kamar −2.00, ta mai gani-kusa ce. Alamar tarawa, kamar +2.00, ta mai gani-nesa ce ko mai raunin gani na shekaru. Da wannan tsari, takardar da aka rubuta a Keffi za a iya yanka gilashinta a Kano ko a Landan, ya fito daidai.

A 1864 aka buga babban littafinsa a Landan cikin Ingilishi, mai shafi fiye da 600, inda ya tattara dukkan wannan ilimi. Aka fassara shi zuwa Jamusanci da wasu harsuna. Daga nan auna ido kafin a ba da tabarau ya shiga cikin aikin likita.

Sauran Ayyukansa da Rasuwarsa

A 1862 aka ba Donders kujerar farfesan ilimin aikin sassan jiki, sai ya riƙa sakar wa Snellen yawancin aikin asibiti. Bai daina awo ba. A 1868 ya wallafa gwajin da ya auna tsawon lokacin da mutum yake ɗauka kafin ya bambance sauti biyu ya zaɓi amsa, ya nuna cewa tunani ma yana cin lokaci, ko da bai kai daƙiƙa ɗaya ba. A shekarun 1870 ya tsara gwajin ganin launi ga ma'aikatan jirgin ƙasa, domin direban da ba ya bambance ja da kore hatsari ne ga fasinjoji.

Ya ɗanɗana baƙin ciki. A 1870 'yarsa tilo, Marie, ta rasu bayan haihuwa, kuma a cikin shekarar ya rasa amininsa von Graefe. A 1888 ya cika shekara 70 ya yi ritaya. Kuɗin da almajiransa da abokansa suka tara don girmama shi, an mayar da su asusun taimaka wa matasa masu bincike. Bai daɗe ba ya kwanta rashin lafiya, ya rasu a Utrecht ran 24 ga Maris, 1889. Bayansa wasu sun ɗora, kamar Allvar Gullstrand na Suwidin, wanda ya sami kyautar Nobel a 1911 saboda nazarin yadda haske yake tanƙwara a cikin ido.

Abin da Ya Shafe Ku

Ilimin da Donders ya bari ya haura shekara 150, amma har yanzu bai kai ga kowa ba. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa aƙalla mutum biliyan 2.2 ne suke da matsalar gani, kuma aƙalla biliyan ɗaya daga cikinsu matsalarsu abar karewa ce ko kuma ba a kai ga magance ta ba. A Nijeriya an yi babban bincike daga 2005 zuwa 2007, aka duba idon mutum fiye da 13,000 masu shekara 40 zuwa sama. An gano cewa rashin tabarau da ya dace shi ne kan gaba wajen haddasa matsakaicin raunin gani, yanar ido kuma ita ce kan gaba wajen makanta.

A kasuwanninmu har gobe ana sayar da tabarau a faranti, mai saye yana sawa yana cirewa, kamar yadda ake yi kafin Donders. Dattijon da ke neman na karatu yana iya dacewa. Amma idanu biyu ba lallai ƙarfinsu ya zama ɗaya ba, kuma mai talla ba shi da abin auna astigmatizim. Akwai kuma masu cewa tabarau yana ƙara kashe ido, ko kuwa yanga ce ga yaro. Tabarau da aka yanka bisa awo ba ya lalata ido. Ɗalibin da aka hana shi kuwa yana iya shekara da shekaru yana kwafar rubutu daga littafin maƙwabcinsa, ana ce masa daƙiƙi ko malalaci, alhali allon ne ba ya gani.

Ku kuma sani allon haruffa yana da iyaka. Ba ya auna ganin gefe, ba ya auna ganin dare. Mai hawan jinin ido zai iya karanta 6/6 alhali ganinsa na gefe yana ƙarewa. Tabarau ba ya maganin yana, ko amosanin ido, ko hakiya. Saboda haka idan kuna ƙanƙance ido don ganin allo, ko kanku yana ciwo bayan karatu, ku gaya wa malami ko iyaye, a kai ku a auna. Idan ƙaninku yana da harara-garke, kada a jira ya girma, domin idon da yaro bai yi amfani da shi ba yana iya zama rarrauna har abada. Akwai sashen ido a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Keffi, akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, akwai kuma Asibitin Ido na ECWA a Kano. Awon farko da allon Snellen 'yan mintoci kawai yake ɗauka.

Ma'anar Kalmomi

kima: ƙiyasin yawa ko darajar abu
garau: sosai, ba tare da duhu ko gauraya ba
dishi-dishi: gani marar fita sosai
auta: ɗa na ƙarshe
tanƙwara: lanƙwasa, karkatar da abin da yake miƙe
aibi: naƙasu ko tawaya
ƙanƙance ido: matse ido don a gani
tilo: guda ɗaya tak

Tambayoyi

1. A ina aka haifi Donders, kuma a wace shekara?
2. Ta yaya fassara ta kai shi ga ilimin ido?
3. Ku bayyana bambancin gani-nesa da raunin gani na shekaru.
4. Me ake nufi idan aka ce ganin mutum 6/18 ne?
5. Ku kawo abubuwa biyu da allon Snellen ba ya aunawa.

Aiki

Ku riƙe wannan shafi a gaban ido ɗaya, ku matso da shi a hankali har rubutun ya fara gaurayewa. Abokin zama ya auna nisan da rula. Ku gwada haka da wani babba a gida, ku rubuta jimla biyar da Hausa kuna kwatanta sakamakon da awon Donders.